Harafi lamba ce da ba a faɗi sunanta ba: fashin baƙi kan ƙa'idojin aljabara

Ɗalibi yakan gama firamare yana ganin ya iya lissafi, har ranar da malami ya rubuta x a allo ya ce a tara ta da 3, daga nan sai darasin ya fara yi masa kama da wani yare. Abin da ba a cika tsayawa a gaya masa ba shi ne, aljabara ba ta zo da sabuwar doka ko ɗaya game da tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa ba. Harafin da ke allo lamba ce da ba a faɗi sunanta ba, saboda haka duk abin da ya halatta a yi wa 7 ko 12 ya halatta a yi masa, duk abin da ya haramta a kansu ya haramta a kansa. Wanda ya riƙe wannan yana da hanyar gwada kowace ƙa'ida da kansa: ya cire harafin, ya sa lamba a gurbinsa, ya ga ko lissafin ya tsaya da ƙafarsa.

Sunan ilimin ya fito ne daga littafin da Muhammad ɗan Musa Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin halifa Ma'amun, kan hisabin jabru da muƙabala. Jabru a Larabci ita ce kalmar da ake amfani da ita wajen ɗorin ƙashin da ya karye, wato mayar da abin da ya gutsure gurbinsa. Babu x ko y a littafin, da zance aka rubuta komai: abin da ba a sani ba ana ce masa "shai'i", wato abu, ninkinsa da kansa ana ce masa "mal", wato dukiya, lambar da aka sani kuma a ƙirga ta da dirhami. Kaso mai yawa na littafin a kan wasiyya da rabon gado yake. Haruffan ƙarshen abacada da muke amfani da su a yau sun samu karɓuwa ne daga rubutun Descartes na Faransa a 1637, alamar daidai kuwa, gajerun layukan nan biyu, Robert Recorde ya fito da ita a 1557. Ke nan ƙa'idojin sun girmi alamomin da ɗaruruwan shekaru.

Abin da ake kira polinomiyal jimla ce ta gaɓoɓi, kowace gaɓa lamba ce da aka ninka da harafi sau wani adadi. A cikin 3x² + 5x − 2 akwai gaɓoɓi uku. Ƙaramar lambar da ke kafaɗar harafi, wadda za mu kira ƙarfinsa, tana faɗin sau nawa aka ninka harafin da kansa, lambar da ke gabansa kuma tana faɗin guda nawa ake da su. Dole ƙarfin ya zama cikakkiyar lamba, sifili ko sama da haka, kuma harafin bai taɓa zama a ƙasan layin rabawa ba. Da zarar ya sauka can, an shiga babin kaso, wanda zai zo a gaba. Duk wanda ya iya rubuta 352 ya daɗe yana aiki da polinomiyal bai sani ba, domin 352 ita ce 3x² + 5x + 2 idan x ta zama 10: ɗari uku, goma sau biyar, da ɗaiɗai biyu.

Tarawa ba ta da wahala, sharaɗinta ɗaya ne, wato ba a haɗa gaɓoɓi sai irinsu ya zo ɗaya. Ɗan kasuwar da ke da buhun masara uku da buhun gero biyar ba zai ce yana da masara takwas ba, kuma haka x² da x suke, iri biyu ne ko da harafinsu ɗaya. Idan aka tara 3x² + 5x − 2 da x² − 7x + 9, masu ƙarfi biyu su haɗu su ba da 4x², masu ƙarfi ɗaya su ba da −2x, lambobi tsura su ba da 7, amsa ta zama 4x² − 2x + 7. A gwada da x = 2: ta farko ta ba da 20, ta biyu ta ba da −1, jimla 19, amsar ma 16 − 4 + 7 ce, wato 19.

A wajen ɗebewa ne ake fara tuntuɓe. Alamar ɗebewa da ke gaban baka, wato alamar ( ) da ake killace gaɓoɓi a cikinta, ba gaɓar farko kaɗai ta shafa ba, duk abin da ke cikin bakar ta shafa, don haka kowace alama sai ta juya. Idan aka ɗebe x² − 7x + 9 daga 3x² + 5x − 2, abin da ake yi shi ne 3x² + 5x − 2 − x² + 7x − 9, wanda ya ba da 2x² + 12x − 11. A takardun ɗalibai da na duba, kuskuren da ya fi yawa shi ne a juya alamar x² a bar sauran biyun yadda suke, kamar mutumin da aka ce ya kwashe kayan ɗaki ya ɗauki abin da ke bakin ƙofa ya tafi. Gwaji da x = 2 yana tona wannan nan take, domin 20 a ɗebe −1 dole ya ba da 21, kuma 8 + 24 − 11 ne kaɗai ya kai can.

Ninkawa ita ce ginshiƙin babin gaba ɗaya, kuma doka ɗaya ce ke riƙe da ita: a(b + c) = ab + ac. Ma'anarta ita ce, abin da ke wajen baka sai ya gaisa da kowa a cikin baka, ba ya tsallake kowa. Mai shagon da ya sayar wa mutum huɗu burodin naira 500 da madarar naira 200 kowannensu zai iya cewa 700 sau huɗu, zai kuma iya cewa 2,000 na burodi da 800 na madara, duka biyun 2,800 ne. Idan bakar biyu ce, kowace gaɓa ta farko ta ninka kowace gaɓa ta biyu, don haka (x + 3)(x + 5) ta ba da x² + 5x + 3x + 15, wato x² + 8x + 15. A sa 10 a gurbin x, sai a ga 13 sau 15 ne, kuma 100 + 80 + 15 ita ce 195, irin lissafin da ake yi a firamare ana jera lambobi ƙarƙashin juna. Game da ƙarfi kuwa, a wajen ninkawa tara shi ake yi: x² sau x³ ita ce x⁵, domin x biyu ne a jere aka ƙara musu x uku. Amma x² + x³ ba ta haɗuwa ko kaɗan, kuma 2 za ta shaida: 4 sau 8 ya ba da 32, alhali 4 a tara da 8 bai wuce 12 ba.

Daga wannan doka ne ake samun amsar tambayar da ɗalibai suka fi yi, wato dalilin da ya sa ɗebewa sau ɗebewa take komawa tarawa. Malamai da dama sukan ce a haddace kawai, ni kuwa ina ganin hakan zalunci ne, tunda hujjar ba ta fi layi uku ba. A ɗauki (10 − 3)(10 − 2). Kowa ya san 7 sau 8 ne, wato 56. Idan aka warware bakar, 10 sau 10 ya ba da 100, a ɗebe 20, a ɗebe 30, saura 50, kuma gaɓa ɗaya ce ta rage, ninkin −3 da −2. In har ana son amsa ta kai 56, ba makawa gaɓar nan +6 ce. Ba wani ne ya zauna ya yanke hukuncin ba, lissafin ne ya tilasta shi. Alkhawarizmi da kansa irin wannan misalin ya kawo, goma ba ɗaya sau goma ba ɗaya, ya nuna ba a isa 81 sai an ƙara ɗayan nan na ƙarshe.

Akwai kuskure ɗaya da ya cancanci a daɗe a kansa, domin har ɗaliban jami'a yana kamawa, shi ne a rubuta (a + b)² = a² + b². Ido yana son haka, hannu ma yana saurin rubutawa, amma ƙarya ce. A ce mutum yana da fili mai ƙafa 50 a kowane gefe, sai ya sayi ƙarin ƙafa 10 ta gabas da ƙafa 10 ta kudu, filin ya zama 60 a kowane gefe. Girmansa yanzu 60 sau 60 ne, wato 3,600. Wanda ya yi lissafin a² + b² zai ce 2,500 na tsohon fili da 100 na ɗan murabba'in da ke kusurwa, jimla 2,600, ya bar wa maƙwabta 1,000 ke nan. Dubun nan ba ɓata ta yi ba: zirin ƙasa ne guda biyu, ɗaya a gabas ɗaya a kudu, kowanne tsawonsa 50 faɗinsa 10, wato 500 sau biyu. Su ne 2ab da ke cikin amsar gaskiya, a² + 2ab + b². Wanda ya taɓa zana wannan fili a takarda da wuya ya sake mance gaɓar tsakiya. 'Yar'uwarta kuma ita ce (a + b)(a − b) = a² − b², inda gaɓoɓin tsakiya biyu suke cinye juna, kuma da ita ake lissafa 52 sau 48 da ka: 2,500 a ɗebe 4, saura 2,496.

Rabawa ta polinomiyal ita ce doguwar rabawar firamare sak, sai dai ana jera gaɓoɓi daga mai babban ƙarfi zuwa ƙarami. Malaman Bagadaza da suka biyo bayan Alkhawarizmi ne suka faɗaɗa wannan, musamman Alkaraji da kuma Samau'al, wanda a ƙarni na 12 yake raba polinomiyal ta hanyar jera lambobin gaban haruffa a gidaje. A ce za a raba 2x³ + 3x² − 11x − 6 da x − 2. A tambaya: me za a ninka x da shi ya ba da 2x³? Amsa 2x². A ninka shi da x − 2 a samu 2x³ − 4x², a ɗebe, saura 7x² − 11x − 6. A sake tambayar, a samu 7x, a ninka a samu 7x² − 14x, a ɗebe, saura 3x − 6. Na ƙarshe 3 ne, kuma 3 sau x − 2 ya share abin da ya rage tas. Amsa ita ce 2x² + 7x + 3. Idan wani ƙarfi ya yi fashi, kamar a x³ − 8, sai a ajiye masa gurbinsa da sifili, a rubuta x³ + 0x² + 0x − 8, kamar yadda ba a rubuta 1008 a matsayin 18. Ba kullum rabawar ke fita ba saura ba. Raba x² + 1 da x − 1 yana ba da x + 1 da ragowar 2, kuma ana iya sanin ragowar tun kafin a fara: a sa lambar da ke mayar da mai rabawa sifili, a nan 1, cikin abin da ake rabawa, sai 2 ta fito.

Kaso, wanda 'yan makaranta ke kira firakshan, shi ne wurin da Bahaushe ya kamata ya fi kowa sakin jiki, domin kalmominsa suna bakinmu tun kafin zuwan boko: rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, sumuni, ushiri. Malamin da ke raba gado kullum cikin wannan lissafi yake. A ce mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya, a cikinsu akwai namiji. Matar tana da sumuni, uwar tana da sudusi. Malamin ba ya tara 1/8 da 1/6 kai tsaye, sai ya nemi abin da masu ilimin fara'ili ke kira asalin mas'ala, wato mafi ƙanƙantar lambar da 8 da 6 duk za su raba ba saura, ita ce 24. Sumuni ya zama 3/24, sudusi ya zama 4/24, jimla 7/24, sauran 17/24 na 'ya'ya. Idan abin da aka bari bayan biyan bashi da wasiyya naira miliyan 2.4 ne, mata ta ɗauki 300,000, uwa 400,000, 'ya'ya su raba miliyan 1.7. Dalilin neman asalin mas'ala shi ne dai sharaɗin nan na buhun masara da gero: lambar ƙasa ita ke faɗin irin yankan, ta sama kuma ta faɗi guda nawa, kuma ba a tara yanka biyu sai girmansu ya zo ɗaya. Shi ya sa ɗalibin da ya ce 1/2 + 1/3 = 2/5 ya yi abin mamaki, ya ƙara wa rabi wani abu amma ya samu abin da bai kai rabi ba.

A nan akwai wata mas'ala da ke nuna iyakar lissafi. Idan mamaci ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba, rabonsu 3 da 16 da 4 da 4 ne cikin 24, jimla 27, wato ya zarce dukiyar. Malaman fiƙihu sai su ɗaga asalin zuwa 27, abin da ake kira auli, har sumunin matar ya koma 3/27, wato tusu'i. Wannan hukunci ne na shari'a kan yadda za a raba ragin tsakanin magada da adalci. Lissafi iyakarsa ya nuna cewa jimlar ta kai 27/24.

Da haruffa, ƙa'idar ita ce a/b + c/d = (ad + bc)/bd, kuma ba komai ba ce illa neman asalin mas'ala. Don a tara 2/(x + 1) da 3/(x − 1), asalin shi ne (x + 1)(x − 1), wato x² − 1. Kaso na farko a ninka samansa da ƙasansa da x − 1, na biyu da x + 1, sama ta zama 2x − 2 + 3x + 3, amsa (5x + 1)/(x² − 1). Da x = 2, sulusi biyu a tara da 3 ya ba da 11/3, amsar ma 11/3 ta ba da. A wajen ɗebewa tarkon baka yana sake dawowa, domin layin kaso shi kansa baka ne a ɓoye. Cikin 3/(x − 1) − 2/(x + 1), sama ita ce 3(x + 1) − 2(x − 1), kuma −2 sau −1 yana ba da +2, don haka x + 5 ce ke fitowa. Wanda ya yi gaggawa x + 1 zai samu.

Ninka kaso biyu shi ne mafi sauƙi, sama da sama, ƙasa da ƙasa. Rabawa kuwa a kifar da na biyu a ninka, kuma dalilin yana kasuwar hatsi: mai mudu uku na shinkafa da ke ƙulla rabin mudu a kowace leda zai samu leda shida, wato raba 3 da 1/2 daidai yake da ninka 3 da 2. Haka raba (x² − 4)/x da (x + 2)/x² yake komawa ninka (x² − 4)/x da x²/(x + 2), kuma tunda x² − 4 ita ce (x − 2)(x + 2), abin da ya rage bayan sokewa shi ne x(x − 2).

Sokewar nan ita ce wurin da aka fi asarar maki a jarrabawar WAEC da NECO a wannan babi, a iya abin da na gani. Na taɓa duba takardar wani yaro da aka ba (x + 6)/(x + 2), ya ja layi a kan x ta sama, ya ja a kan ta ƙasa, ya rubuta 6/2, ya rubuta 3, har ya ja layi biyu ƙarƙashinta don jin daɗi. Na ce ya sa 2 a gurbin x. Ya rubuta 8/4, ya tsaya yana kallon 2 da ta fito, ya ɗago ya ce, "Malam, to ai x ɗin iri ɗaya ce." Iri ɗaya ce, amma sokewa rabawa ce, ana raba sama gaba ɗayanta da ƙasa gaba ɗayanta da abu ɗaya, don haka abin da aka ninka kaɗai ake sokewa, ba abin da aka tara ba. Kafin a ja layi a kan komai sai an farfasa sama da ƙasa zuwa tubalan da aka ninka aka gina su. A (x² − 9)/(x² + x − 6), sama ita ce (x − 3)(x + 3), ƙasa kuma (x + 3)(x − 2), to yanzu x + 3 tubali ce a duka biyun, a soke ta a bar (x − 3)/(x − 2). Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne tsaga ƙasa. Ana iya tsaga sama, (a + b)/c ta zama a/c + b/c, amma ƙasa ba ta tsaguwa: 12/(2 + 4) ita ce 2, alhali 12/2 + 12/4 ta kai 9.

Akwai sharaɗin da ke bin kowane kaso mai harafi a ƙasa, shi ne kada ƙasan ta zama sifili. Raba 6 da 2 tambaya ce, wace lamba za a ninka da 2 ta ba da 6. Raba 6 da sifili kuwa tambaya ce da ba ta da amsa, tunda duk abin da aka ninka da sifili sifili yake bayarwa. Saboda haka a misalin da ya gabata x ba za ta zama 2 ba, ba kuma za ta zama −3 ba, ko da yake x + 3 ta ɓace bayan sokewa, domin sharaɗin na kason asali ne. Wanda ya raina wannan, ga abin da zai iya samu. A ce a = b. A ninka gefen biyu da a, a² = ab. A ɗebe b², a² − b² = ab − b², wato (a + b)(a − b) = b(a − b). A soke a − b, saura a + b = b, kuma tunda a = b, to 2b = b, wato 2 = 1. Kowane mataki lafiya yake ban da ɗaya: a − b sifili ce tun farko, kuma ita aka soke.

Gwaji da lamba shi ma yana da ladabinsa. Lamba ɗaya da ta saɓa ta isa ta rushe ƙa'idar ƙarya, amma lamba ɗaya da ta dace ba ta isa ta tabbatar da ta gaskiya ba, domin akwai dacen da ke yaudara. Wanda ya soke 6 a cikin 16/64 zai samu 1/4, kuma amsar daidai ce ta hanyar da ba daidai ba. Wanda ya ɗauka x² da 2x abu ɗaya ne, in ya gwada da 2 ko sifili zai ga sun dace, sai 3 ta raba gardama da 9 da 6. Don haka a guji sifili da 1, a yi hattara da 2, a zaɓi irin su 3 da 5 da 7, a kuma haɗa da lamba mai alamar ɗebewa don ta tona kuskuren baka. Ga polinomiyal akwai tabbacin da ya wuce zato: idan babban ƙarfi a gefen biyu bai wuce wata lamba ba, mu kira ta n, kuma suka dace a lambobi daban-daban guda n + 1, to daidai suke a kowace lamba. Dalili shi ne bambancinsu shi ma polinomiyal ne da ƙarfinsa bai wuce n ba, kuma irin wannan ba ya zama sifili a wurare fiye da n sai in shi kansa sifili ne ɗungurungum. Ke nan mai shakkar ko (x + 3)(x + 5) ita ce x² + 8x + 15, lambobi uku sun ishe shi: 3 ta ba da 48 a gefen biyu, 5 ta ba da 80, −4 kuma ta ba da −1.